Tulun Iskar Yaya Habu

Tun da na dawo daga Sabha ban huta da tambaya ba. A gidan biki a tambaye ni, a bakin famfo a tambaye ni, har mai kawo mana kayan miya sai da ya tsaya yana cewa, "Hajiya Sa'a, wai da gaske a Libiya burodi kyauta ake rabawa?" Ƙawata Lami kuwa cewa ta yi na tafi da baki na dawo babu, ni da aka sani da surutu a unguwa. To, bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, a ƙyale ni. Wanda yake jiran labarin gwal da barguna masu laushi ya nemi wata matafiyar. Ni ɗan'uwana na je ɗaukowa.

Yaya Habu shi ne babbanmu, ni ce auta. Ya bar Kano tun ina goyon fari, ya yi shekaru yana haƙar zinariya a sahara, daga baya ya zauna a Sabha, ya kama aiki wurin wani Balarabe mai kai iskar oksijin asibitoci, ya yi aure a can. Ƙurar dutsen da ya shaƙa a ramin zinariya ita ce ta biyo shi a hankali har ta cinye masa huhu. Mun san ba shi da lafiya, amma ba mu san iyakarta ba, don waya ba ta yi mana amfani. Mahaifiyarmu, Inna, kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya, shi kuma ba shi da numfashin ɗaga murya.

Abokinsa Malam Idi, mai fataucin takalma tsakanin Kano da Sabha, shi ya zo gaishe da Inna ya ɓaro maganar. Ya durƙusa kusa da kunnenta ya ce da ƙarfi, "Jiki da sauƙi, Inna! Sai dai yanzu ba ya rabuwa da iska, ko yaushe tana tare da shi!"

Inna ta yi salati ta tafa hannu. "Na sani," in ji ta. "Mutum ya shiga rami a dajin da ba kowa, me zai hana masu wurin su biyo shi?"

Na ce, "Inna, ba aljanu yake nufi ba. Iskar asibiti ce, irin wadda ake sa wa mutum da roba a hanci."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke dai da iyayi. Iska dai ai iska ce."

Washegari ta aika kasuwa wurin mai maganin da ta yarda da shi, aka haɗo mata hayaƙi, saiwoyi da ƙaro da wasu ganyayyaki, ta ƙulle a tsumma da hannunta. Ta ce in na isa in zuba a garwashi, in lulluɓe Yaya da bargo ya shaƙa, in iskar ta sake shi in sa shi a gaba mu taho. "Ina so in gan shi da idona kafin a rufe min su," in ji ta. Ban yi gardama ba. Hayaƙin dai na karɓa don kada ranta ya ɓaci, amma ɗauko shi na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na taɓa ganin tukunyar oksijin a asibiti, doguwa kamar ta gas. Na ce a raina mu sayi biyu ko uku, a ɗaure a mota, mu kamo hanya.

Malam Idi zai koma, sai na bi shi. Muka bi ta Daura muka tsaya a kan iyaka. Wani jami'i ya zazzage jakata, ya ci karo da ƙullin Inna, ya kwance ya kai hanci. Atishawar da ya jera har hularsa ta karkace. Na shirya rigima, sai na ji ya ce, "Wannan ai irin na tsohuwata ne. Wa ke da iska?" Na ce yayana. Ya ɗaure da kansa ya miƙo min, ya ce Allah ya raba. Na ce amin, don ban ga amfanin dogon bayani a tsakiyar rana ba.

Daga Damagaram zuwa Agadas ba abin da zan ce sai ciwon baya. A Agadas muka sauka gidan wata dattijuwa mai saukar da baƙi, mata a tsakar gida, maza a waje, muna jiran ranar da motoci ke tashi ayari. Nan na haɗu da Mariyama, 'yar Ghana, tana son tsallakawa Turai. Hausarta ta Zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta dube ni ta ce, "Kai, ina zaka?" Na ce, "Baiwar Allah, ni mace ce, 'ya'yana huɗu." Ta ce, "To, kai mace, ina zaka?" Dariyar da na yi ran nan ita ce ta ƙarshe da na yi da dukan cikina. Kowa a gidan ya ɗauka aikatau zan je, har dattijuwar tana ba ni shawarar yadda ake wanke darduma a gidan Larabawa. In na ce dawowa zan yi nan kusa, sai su yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro.

Motar sahara buɗaɗɗiya ce. Ana jera jarkokin ruwa da na fetur a ƙasa, a ɗora kaya, a ɗora mutane a kan kayan. Maza suna gefe, ƙafafu a waje, kowa da sandar da aka kafe a tsakanin cinyoyinsa yana riƙe da ita, mu mata a tsakiya. Direban Batube ne, irin mutanen saharar, siriri, ba ya magana, ba ya kuma taka burki don wani ya ce wayyo. Abincinmu garin kwaki da sukari, da dabino, da wani busasshen cuku da sai ka jiƙa shi a baki kafin haƙori ya shige shi. Da rana zafi, da asuba sanyin da ban taɓa ji ba. Mariyama ta yi amai har ta gaji, ta kwantar da kai a cinyata. Ni kuwa duk tsawon hanyar lissafi nake yi. Ina duban motar ina cewa nan Yaya zai zauna, nan za a kwantar da tukunyar iskarsa, tsakanin buhun nan da jarkar can. Maza suna ta busa taba a kaina, ko a jikina.

Bayan Dirku da Madama muka shiga ƙasar Libiya. Shingen hanya a can bawwaba suke ce masa. A wata bawwaba samari masu bindiga suka sake kwance ƙullin Inna, suna ta yare, fuska ba annuri. Malam Idi ya yi ta cewa, "Bakhur, bakhur," wato turare, har ɗayansu ya ce, "Bahi," ya jefo min. Kalmar Larabcin Libiya ta farko da na koya ke nan, ma'anarta shi ke nan. A Gatrun muka rabu da Mariyama, aka sauya mata mota. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kai gaida yayanka." Ban sake jin labarinta ba.

Sabha gari ne na katanga da ƙofofin ƙarfe. Ba ka ganin mace a ƙofar gida tana tallan ƙosai, ba ka jin yara suna wasa a lungu kamar namu. A unguwar Jadid na ga mutanenmu zaune a bakin titi, wani da shebur, wani da guduma a gabansa, suna jiran mai mota ya tsaya ya ce akwai shugul, wato aiki. Burodi dai ba kyauta ba ne, a gaya wa mai kayan miya, amma da shi ake cin komai, har taliya. Gidan su Yaya yana unguwar Mahdiya, ɗakuna ne na haya a zagaye da tsakar gida ɗaya, 'yan Nijar da 'yan Najeriya a cakuɗe.

Matarsa Zainabu ce ta fito tarbata, 'yar Damagaram, doguwa, ba ta da yawan fara'a. Ta ce, "Sannu da hanya, Tanti." Na ce, "Tanti kuma? Ni ba rumfa ba ce." Ashe haka suke ce wa anti. Zan wuce ɗaki sai ta tare ƙofa. "Tanti, kin shafa mai a hannu?" Na ce na shafa, hanya ta busar da ni. Ta kawo ruwa da sabulu ta ce in wanke tukuna. Ta tambaye ni ko akwai ashana ko turare a jikina. Na ƙetare sahara don in ga ɗan'uwana, ga wata tana bincikena a ƙofarsa kamar a bawwaba. Na wanke, amma na ƙulla da ita a raina.

Yana zaune a kan katifa, an tokare shi da matasai. Yaya Habu da ke ɗaga buhun gero da hannu ɗaya, yanzu wuyan hannunsa bai kai nawa ba. Siririyar roba ta zagayo kunnuwansa ta shiga hanci. Ya ce, "Auta," ya huta, ya ce, "kin yi ƙiba." Na ce, "Kai kuma ka yi kyau." Muka yi dariya, tasa ta koma tari, tawa ta koma kuka.

A kusurwar ɗakin, nesa da gado, kusa da taga, abin yake tsaye. Bai yi kama da tukunyar da na sani ba. Gajere ne mai ƙiba, ya kai min ƙugu, su tulu suke ce masa. Zainabu ta ce oksijin ɗin da ke ciki ruwa ne, an sanyaya shi har ya zama ruwa, shi kuma tulun kamar fulas ɗin shayi yake, yana riƙe sanyin, yana sakin iskar kaɗan kaɗan. Tsohon maigidan Yaya ne ya ba shi aro, don na'urar da ke aiki da lantarki ba ta da tabbas a garin da ake ɗauke wuta ba sallama. Akwai kuma ɗan ƙarami mai igiya, ana cika shi daga babban, a rataya a kafaɗa in za a fita.

Kwanakin farko ba abin da na gani sai laifin Zainabu. Ɗakin mara lafiya ba ƙamshin turaren wuta. Taga a buɗe ko da sanyi. Girki can ƙarshen tsakar gida take yi, a murhun maƙwabta, ta ɗauko abinci ya huce a hanya. Leɓɓan Yaya sun tsage, ƙafarsa ta yi kaushi, ba mai shafa masa komai. Na ce a raina ga abin da auren nesa ke jawowa. Rannan na ɗauko man kaɗanyar da na taho da shi, na lakato zan shafa masa a leɓe da hanci, sai ji na yi an riƙe min hannu.

"Tanti, a'a. Ba mai, ba basilin, ba man zaitun. Dokter ya hana."

Na ce, "Man kaɗanya ne, ba guba ba. Da shi uwarsa ta raine shi."

Ta ce, "Na sani. Amma mai da wannan iska ba sa haɗuwa. Ita ba ta ci da kanta, sai dai duk abin da ta jiƙa, in ya ga wuta, ci yake kamar an zuba masa esansi." Fetur take nufi. Ta nuna min wani magani mai ruwa-ruwa da likita ya ba su don leɓen, ta ce shi kaɗai aka yarda. Yaya ya ɗaga min gira, ya ce, "Auta, a nan ita ce hukuma." Na mayar da maina, ina huci.

Ban daddara ba. Wata safiya Zainabu ta tafi sayen burodi, na ji tulun yana wani siririn tsaki, sss. Na ce shi ke nan, ya huje, iskar Yaya tana zubewa. Shi yana barci. Na cire mayafina na lulluɓe tulun, na danna tsumma a inda nake jin ƙarar. Yatsuna suka taɓa wani ƙarfe da ya yi fari da ƙanƙara. Wallahi na ɗauka garwashi na dafa. Na yi ƙara, Zainabu ta shigo a guje, ta fizge mayafin ta jefa waje, ta wangale ƙofa. Ba ta yi min faɗa ba. Ta zaunar da ni, ta sa yatsuna a ruwa mai ɗan ɗumi, ta hana ni murzawa. Ta ce tsakin nan numfashin tulun ne, dole ya yi, in aka toshe shi ne ake shiga uku. Ba a rufe shi da zane, ba a sa shi a lungu, ba a jingina masa kaya. Mayafin ma ta ce ya sha iska a igiya, kada in kusanci murhu da shi sai an jima. Yatsuna biyu suka yi bororo. Ni da na zo daga garin zafi, sai a Sabha na san sanyi yana ƙuna.

Tana ɗaure min hannu na lura da nata. Fatar duk ta bushe ta yi fari, ta tsattsage a gaɓoɓi. Na tambaye ta, ta ce tun da aka kawo tulun ta daina shafa mai, don ita ke taɓa shi kullum. Kwalbar turarenta ma ta kyautar. Yarinya ce, na girme ta nesa ba kusa ba. Na ji kunya, na kuma ji tausayinta. Daga ranar na koyi aikin a hannunta: yadda ake goge bakin tulun da busasshen ƙyalle mai tsabta kafin a cika ƙaramin, don in da laima sai su manne da ƙanƙara, in sun manne ba a fizga, jira ake yi, ba a taɓa maɓallin ƙara iska ko da ya ce bai ishe shi ba, sai likita ya ce.

Mai zuwa cika tulun wani dattijon Balarabe ne, Hajj Miftah, abokin aikin Yaya a da. In ya gama sai ya wanke hannu ya zauna a tsakar gida, a kawo shayinsu mai kumfa da gyaɗa a ciki. Shayi da gyaɗa, ku ji fa. Na sa Malam Idi ya yi min tafinta, na faɗa masa shirina na tafiya da Yaya. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ajiye kofi. Ya ce tulun ba ya kwanciya, a tsaye yake rayuwa, in ya faɗi ruwan ya zubo. Ya tambaye ni me ke ƙarƙashin mutane a motar da na zo. Na ce jarkokin fetur. Ya ce me maza ke yi a sama. Na tuna tabar da suka yi ta busawa a kaina. Ya ce ko an sami motar da ba fetur ba taba, abin da ke cikin tulun ƙarewa yake ko an shaƙa ko ba a shaƙa ba, kuma babu mai cika shi a sahara. Na ce to tukwanen ƙarfe irin na asibiti. Ya ce yadda Habu ke sha, sai an yi musu mota guda. Na ce jirgi. Malam Idi bai ma fassara ba, ya ce da ni takardun Yaya sun daɗe da mutuwa, kuma likita ya ce huhunsa ba zai ɗauki sama ba.

Na ce duk naku ne. Na ce mutum ba ya sanin ƙarfinsa sai ya ga hanyar gida. Na shiga ɗaki na kwance ƙullin Inna a gaban Yaya, na faɗa masa saƙonta kalma da kalma. Ya ɗauki saiwa ɗaya ya kai hanci, ya daɗe yana riƙe da ita.

Ya ce, "A hura garwashin."

Zainabu ta ce, "Wallai ba a gidan nan ba."

Ya ce, "Ba a nan ba. Can bakin lungu." Ya huta. "Zan cire robar, in sake riga, in zauna a waje iskar ta fita daga jikina. Sannan in taka in je. In na kai wurin hayaƙin, Auta, zan kai Kano."

Zainabu ta roƙe shi, ta ce likita bai yarda ya rabu da ita ba. Ya ce saƙon uwa ne. Ta juya ta dube ni, ni kuma na kawar da kai, don ina so ya gwada.

Bayan la'asar ne. Na karɓi garwashi a kasko wurin mai shayin bakin titi, na tsuguna a ƙarshen lungun, nesa da gidan sosai, da ƙullin Inna a cinyata. Daga nan ina hango shi a ƙofar gida a kan kujera, da sabuwar riga, fuskarsa ba roba. Sai na ga Yayana na da. Zainabu tana tsaye a bayansa, ƙaramin tulun a rataye a kafaɗarta. Maƙwabta suka fito suka yi cirko-cirko. Ya zauna iya zaman da aka ce, sannan ya dafa bango ya miƙe. Na zuba hayaƙin a wuta, ƙamshin ɗakin Inna ya tashi a lungun Larabawa.

Ya tako. Ya sake takowa. Ina cewa a raina taho, Yaya, taho. Bai wuce ƙofar maƙwabta ba na ga bakinsa ya buɗe, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, ya miƙa hannu yana laluben bangon da ke kusa da shi. Sai gwiwoyinsa suka saki.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na sheƙa da gudu ina kiran sunansa, ashe kaskon yana hannuna. Zainabu ta riga ta durƙusa, ta buɗe ƙaramin tulun tana sa masa robar. Ta ɗago ta gan ni tafe da wuta. Ban taɓa jin mace ta yi tsawa irin wannan ba.

"Tsaya nan! Kar ki matso!"

Na tsaya cik. Na dubi hannuna, na ga jan garwashi yana hayaƙi. Wani maƙwabci ya fizge kaskon ya yi baya da shi, ya juye masa ƙasa. Zainabu ta ce in karkaɗe zanena, kada wani ɗan garwashi ya maƙale. Haka na tsaya a tsakiyar lungu ina karkaɗe zane, ɗan'uwana yana ƙasa yana kokawa da numfashi, leɓɓansa sun yi baƙi, ban isa in taɓa shi ba. Ban san tsawon lokacin ba. A hankali ƙirjinsa ya lafa, aka ɗauke shi aka mayar ɗaki.

Sai da na yi wanka na sake kaya ta bar ni na shiga. Na zauna a bakin katifa na kasa dubansa. Ya ce, "Auta, na san ba zan kai ba." Ya huta. "Kin fi kowa taurin kai a gidanmu. In ba ki gani ba, ba za ki iya faɗa wa Inna ba." Na kifa kaina a ƙafarsa mai kaushi na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifinmu. Zainabu ta fita ta ja mana labule.

Na ƙara kwanaki ina taya ta, har Malam Idi ya sama min ayarin masu komawa. Ranar tafiya Yaya ya ce sai ya yi min rakiya, ba a sallamar baƙo daga kan gado. Aka cika masa ƙaramin tulun, Hajj Miftah ya kawo motarsa, aka sauke gilasai duka, muka tafi a hankali. Da muka hango inda ake lodi, ga jarkokin fetur a jere, ga samari da taba a baki, sai Hajj Miftah ya tsaya tun daga tsallaken titi. Yaya ya ce, "Iyakata nan." Ya fito ya jingina da mota. Ya ce in ce wa Inna ta yafe masa daɗewar da ya yi. Zainabu ta rungume ni ta ce, "Sai wata rana, Tanti," ban ce mata ni ba rumfa ba ce. Na tsallaka titin ni kaɗai da jakata. Da motarmu ta tashi yana nan tsaye, hannu ɗaya a sama, ɗaya riƙe da igiyar kafaɗarsa.

Hanyar dawowa ba ni da labarinta. Na zauna inda aka ce in zauna, na ci abin da aka miƙo min.

Na iso gida da hantsi. Inna tana tsakar gida a kan tabarma, mata sun cika gidan da sannu da zuwa. Ta amsa gaisuwata, ta dubi bayana, ta dubi zaure. Sai da kowa ya watse ta ce in matso. Na kai bakina kunnenta na faɗa mata duka, da ƙarfi, yadda dole maƙwabta suka ji: tulun, da robar, da lungun, da inda ƙafarsa ta tsaya. Na ce yana da rai, yana cin abinci, matarsa mutuniyar kirki ce, amma ba zai zo ba. Ta daɗe tana jan carbi.

Sannan ta ce, "Akwai mutanenmu a can da za su yi wa Habu salla?"

Ɗan fari ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ran nan.

Na ce, "Akwai, Inna. Suna da yawa."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta nuna ɗakin da ke kusa da zaure. Ashe bayan tafiyata ta sa an share shi, an yi masa farar ƙasa, an shimfiɗa sabuwar katifa da zanen gado. Ta ce, "Je ki naɗe katifar nan, kada ɓeraye su ɓata ta."

Na je na naɗe.